Katin mai doya

Matso kusa ka ji. Ni aji uku na tsaya a boko, amma kunnena bai taɓa ba ni kunya ba.

Lokacin da aka kawo kwamfuta asibitin da maigidana yake aikin ajiye katuna a nan Kontagora, sai aka ce a juye katunan awon masu ciki duka a cikinta. Ranar Asabar Malam yakan kwaso su gida ya daidaita, ni ina gefe ina ɓarar gyaɗa. Shi kuma ba ya iya rubutu baki a rufe, komai sai ya faɗa. Duk gurbin da malamar asibiti ta bari fili, sai ya ɗiga sifiri, wai na'ura ba ta son rami.

Rannan na ji ya kira sunan wata mata daga Mashegu, ya ce, "Matsala a haihuwar baya, sifiri."

Na ajiye faifai. "Malam, ba mai kawo mana doya ba ce? Haihuwarta ta ƙarshe jini ya ɓalle mata, da ƙyar ta sha!"

"To ai ba a rubuta komai ba."

"Ba a rubuta ba daban, babu daban. Hausarta ba ta nuna ba, ƙila an tambaye ta ba ta gane ba, aka wuce. Ka sa sifiri, su ce lafiya lau, ta je ta haihu a ƙauye?"

Ya yi dariya. "Ashe likita na aura ban sani ba."

Amma ya goge. Ran Litinin ya tambayi mai kula da na'urar, ashe tana karɓar gurbi fili, kuma tana iya tattaro duk waɗanda aka bari haka. Malam ya bi katunan baya ɗaya bayan ɗaya yana kankare sifirinsa, yana mita, ina ba shi gyaɗa.

Da matar ta dawo awo, aka nemo mai jin Kambarci, yarensu, ta sake tambayarta, ta faɗi maganar jinin. Aka ce watanta na tsayawa ta dawo gari. A ɗakina ta zauna kwana tara. Ranar haihuwa jinin ya zo kuwa, amma a gadon asibiti ya same ta, an shirya masa. Ta koma gida da 'yarta a baya.

Kai fa, in aka miƙo maka takarda ba ka san amsa ba, me kake sawa a gurbin?