Hutun da Aka Ba Umma Mai Guga

A unguwar ba wanda ya san ta da wani suna sai Umma Mai Guga. Ƙuruciyarta duk ta ƙare ne a ɗakin wanki na wani otal, can ƙasan bene inda ba taga, tana goge zannuwan gado da rigunan baƙin da ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. Mijinta ya rasu tun yaran suna firamare. Da dutsen guga ta yi wa babban ɗanta karatu har ya zama lauya, ƙanwarsa kuma ta yi aure ta bi mijinta wani gari mai nisa.

Da ƙarfinta ya ja baya aka sallame ta daga otal, sai ta zauna a ɗakinta na haya, ciki da falo a saman wani tsohon bene, ta shiga jin daɗin duniya iya yadda ta san shi. A barandar ta jera gwangwanayen fenti da ta tsinto, ta huda gindinsu da ƙusa ta cika da ƙasa. Akwai na'a-na'a da take tsinka ta jefa a shayi, akwai furanni jajaye, akwai wani ganye mai kauri da ba ta san sunansa ba, ta sa masa Mai Taurin Kai domin ko an manta da shi ba ya mutuwa. Da safe tana ba su ruwa tana yi musu faɗa kamar jikoki.

Tana da muzuru fari mai ido ɗaya, wanda ta raɗa wa Manaja.

"Ba ya aikin komai," in ji ta, "amma da ya ji ƙarar cokali sai ka gan shi ya zo duba ma'aikata."

Abin da ya fi komai faranta mata rai shi ne kokawar talabijin, ta ƙattin nan masu ɗan kamfai da ke jifan juna da kujera. Ranar da ake nunawa, ƙawarta Mai Kitso, bazawarar da ke ƙasan benen, takan hawo da kofinta. Su zauna a ƙasa, Umma na ihu tana dukan cinya.

"Tashi mana, ragon banza! Kai alƙali, makaho ne kai? Ba ka ga ya ciro ƙarfe ba?"

"Umma, shiri ne fa, wasa suke yi."

"Ke rufe mini baki. A ɗaga ki a maka da ƙasa haka, sannan ki zo ki ce mini shiri ne."

Wata rana ta zame a matakala da bokitin ruwa, ƙugunta ya goce. Daga asibiti ɗanta bai mayar da ita gidanta ba. Ya wuce da ita gidansa mai doguwar katanga da maigadi a bakin ƙofa, ya nuna mata ɗaki mai na'urar sanyi da gado mai laushi da labule har ƙasa.

"Umma, wahala ta ƙare. Yanzu hutawa kawai za ki yi."

"Allah ya yi maka albarka, Babana. To shukokina fa? Da Manaja?"

"Za a kawo su. Ki bari ki warke tukuna."

Ta warke har ta ajiye sanda. Duk lokacin da ta tambaya sai ya ce direba bai samu sarari ba, ko ana gyaran hanya, ko Mai Kitso tana kula da su, me take wa gaggawa? Yana faɗa yana duba wayarsa.

Ta nemi abin da za ta rage zaman banza da shi. Ta gano inda ake ajiye dutsen guga, ta fara goge wa jikokinta kayan makaranta. Karin wandon nan sai ya fito kamar bakin wuƙa, tana yi tana ɗan waƙe-waƙenta a hanci. Lauya ya dawo ya same ta tsaye a gaban teburin guga, fuskarsa ta canja.

"Umma, so kike a ce na ɗauko uwata na mayar da ita 'yar aiki?"

"Ni daɗinsa nake ji."

"Shekara nawa ina ƙoƙarin mutane su manta da sunan nan, ke kina neman dawo da shi cikin gidana."

Ya zare wayar daga bango ya naɗe, ya miƙa wa mai aiki ya ce ta kulle a sito.

Saura talabijin. Ta lallaɓa jikanta ya nemo mata tashar kokawa a babban falo, ta riƙa kallo da rana in gidan ya yi shiru. Ran nan Lauya ya shigo da baƙi, abokan aikinsa da wani babban mutum da yake neman shiga wurinsa, daidai lokacin da Umma ta miƙe tsaye, ɗankwali ya zame, tana cewa, "Karya shi! Karya ɗan banza!" Baƙin suka yi dariya. Babban mutumin ma ya tsaya yana tambayarta wa take goyon baya, ta fara ba shi labari da zumuɗi. Lauya ya riƙe mata hannu a hankali, yana murmushi, yatsunsa na nutsewa a damtsenta.

"Ku yi haƙuri, tun da ta faɗi kan nata ba ya zama daidai."

Ya kai ta ɗaki ya ja ƙofa. Washegari tashar ta ɓace daga duk talabijin na gidan.

Ta kira 'yarta a waya tana kuka. 'Yar ta ce, "Haba Umma, kada ki zama mara godiya mana. Wasu iyayen suna can suna neman inda za su kwana. Ki yi wa Yaya biyayya, shi ya san abin da ya dace da ke." Da ta zo ziyara ta kawo mata leshi mai tsada, ta sa ta ɗaura, ta jingina kai a kafaɗarta ta ɗauki hotuna, ta koma a ranar.

Maigadin gidan dattijo ne mai sanyin hali. Shi ya kasa riƙe abin a cikinsa. Wata safiya Umma na zaune a inuwar katanga, ya matso ya durƙusa.

"Hajiya, wata baiwar Allah tana yawan zuwa nemanki, mai kitso ta ce. Yallaɓai ya ce in riƙa cewa kina barci. Ranar nan har da kuka ta tafi."

Umma ta shiga ta ɗauko mayafi da jakarta, ta ce ya buɗe mata ƙofa. Ya buɗe, har ya tare mata tasi.

Da ƙyar ta hau matakalar tsohon benen. Barandar fayau, an shafe ta da sabon fenti, igiyar shanya ɗauke da kayan jarirai. Wata yarinyar mata ta leƙo daga ɗakin ta ce, "Mama, wa kike nema?" Mai Kitso ce ta jiyo muryarta ta hawo da gudu, suka rungume juna. A ɗakinta ta zaunar da ita ta faɗa mata komai. Tun Umma na kwance a asibiti Lauya ya zo da masu kwasar tarkace. Gwangwanayen daga sama aka riƙa wurgo su cikin mota, ƙasa na watsewa a titi. Mai Kitso ta roƙe shi ya bar mata ko na'a-na'ar, ya ce shara ce, ita ta jawo sauro da santsin da ya kayar da uwarsa.

"Manaja fa?"

Mai Kitso ta sunkuyar da kai. "Ya ƙi fita daga ɗakin, yana ta kuka a ƙarƙashin gado. Direba ya sa shi a buhu ya ɗaure bakin. Na ce a ba ni shi, Yallaɓai ya ce a kai shi inda ba zai dawo ba. Hanyar gada na ga motar ta bi."

Umma ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Mai Kitso ta haɗa mata shayi, ya huce a gabanta ba ta taɓa ba.

Kafin la'asar motar Lauya ta tsaya a ƙofar benen. Yana cikin motar bai shigo ba, direba ya aiko. A hanya bai yi mata magana ba sai da suka shiga gida, ya sa aka kira maigadi, ya ce ya tattara kayansa.

"Babana, ni na ce ya buɗe. Yana da iyali. Don girman Allah ka bar shi."

"Ai ke kika jawo masa, Umma. Da kin zauna inda aka ajiye ki da yana nan."

Ta tsaya a taga tana kallon dattijon yana fita da tabarmarsa a hammata da buta a hannu. Sabon maigadin matashi ne, ba ya gaisuwa, kuma an ba shi umarni tun ranar farko.

Daga nan Umma ta rage magana. Takan zauna a bakin gado, wani lokaci a ji tana kuka ƙasa-ƙasa, wani lokaci ta ƙi cin abinci. Lauya ya kawo likita har gida, ya yi masa bayani da Turanci a gabanta: ta fara ruɗewa, tana fita ba a sani ba, tana ihu a gaban baƙi. Likitan ya tambaye ta ko akwai abin da ke damunta. Ta buɗe baki, ɗanta ya dafa kafaɗarta ya ce, "Ba ta rasa komai ba a gidan nan, likita, ka duba ɗakin da kanka." Aka rubuta mata wasu ƙananan ƙwayoyi, mai aiki na ba ta safe da yamma.

Yanzu Umma barci take yi mafi yawan yini. In an tashe ta ta ci abin da aka ba ta, ta koma ta kwanta. Ba ta tambayar kowa komai. Kwanakin baya 'yarta ta kira daga garinsu tana tambayar jikin Umma, Lauya ya tura ƙofar ɗakin ya leƙa, ya ga bakinta a ɗan buɗe, hannunta ɗaya na lilo a gefen gado.

"Alhamdu lillahi," ya ce wa ƙanwarsa. "Kin ga yanzu ta samu natsuwa."