Ranar da Na Zama Eriya a Gidan Goggo

Shekarun baya, ina aji ɗaya na ƙaramar sakandare, aka kai ni hutu daga gidanmu na Tarauni zuwa gidan goggona a Gyaɗi-Gyaɗi. Abin da na fara gani da isata shi ne tulin takalman maza a ƙofar falo, wani kan wani, har da silifas ɗaya da aka ɗaure da waya. Amma falon shiru. Na san babban ɗan Goggo, wanda nake kira Yaya, da abokansa; in suna buga gem ɗin ƙwallo, tun daga bakin layi ake jin ihunsu.

Na leƙa na tarar sun zuba wa talabijin ido, babu ƙwallo babu ɗan wasa, sai wani siririn layi da ya ƙi cika. Ashe Yaya sabon kaset ya sayo, mai shagon ya rantse masa cewa sakawa kawai zai yi ya buga. Da ya saka, gem ya ce sai an sabunta shi ta intanet tukuna. Datar Yaya ta ƙare, ta abokansa ma ta bi ta.

"Ka sayi abu da kuɗinka, kuma sai ka saya masa abinci," in ji wani abokinsa. "Wannan ai rago ka sayo, ba kaset ba."

Ni dai na raɓe a bayan kujera. Na daɗe ina son in riƙe hannun gem ɗin nan ko sau ɗaya. Dokarsu ita ce wanda aka ci ya tashi, na gaba ya karɓa, ni kuwa ba a taɓa lissafa ni a layi ba. Ban kuma taɓa tambaya ba. A lokacin ko ruwa zan sha a gidan mutane sai an yi mini tayi.

Ana cikin haka maƙwabciyar Goggo ta shigo, wata nas 'yar Filato da muke kira Anti. Ta dawo daga aiki ko kayan asibiti ba ta cire ba. Ta ji labari, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce za ta haɗa musu da datar wayarta. Sai dai sabis a falon kamar aljani, ya zo ya ɓace. Yaya ya zagaya ko'ina da wayar, har ƙarƙashin labule.

Na taɓa lura cewa duk sanda Goggo za ta kira 'yarta da ke aure a Zariya, jikin tagar da ke bayan firji take mannewa. Na faɗa a hankali, ba wanda ya ji sai Anti. Aka gwada, sabis ya kawo, amma sai an ɗaga wayar can sama. Wurin matsattse ne, ni kaɗai zan iya shiga. Aka sa mini kujera na hau, hannu a sama.

Layin ya fara tafiya. Da na ɗan sauke hannu sai falon ya ɗauka, "Ɗaga! Ɗaga!" Goggo ta fito daga kicin ta ce, "Oh ni! 'Yar mutane ta zo hutu kun mayar da ita eriya?" Ta tura mini ƙosai a baki ta koma.

Anti ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya. "Ƙanwata, me za su ba ki?"

Na ce babu komai.

"Ƙarti sun miƙe ƙafa, ke hannunki na rawa, ki ce babu komai? Rashin tayi akan bar arha fa."

Na san za ku tambaya ko na buga. Na buga. Yaya ya yi mini ruwan ƙwallaye, ɗaya ma ni na zura wa kaina, Anti kuwa ta tashi tana tafi don ta zaci na ci. Har yau in na ga gem ko waya ta tsaya tana neman sabuntawa, haushi nake ji kamar kowa, sai kuma dariya ta zo mini. Kunyata ba ta tafi ba, amma a kan kujerar nan na gane cewa mutane ba sa jin abin da ke cikin zuciya, komai ƙarfin son da ake masa. Yaya da kansa ya ce bai taɓa sanin ina so ba.

A ranar dai, ina kan kujerar, saura ƙiris layin ya cika, kowa ya miƙe tsaye, na haɗiye sauran ƙosan, na ce:

"Yaya, don Allah in ya gama, ni za a fara ba wa."