Mai Goge-goge da Sifaniyancinta

A filin jirgin Madina akwai wata mai goge-goge, doguwa, sabulu ya tsattsage mata hannu. Tana aiki tana leƙa 'yar takarda, inda ta rubuta kalmomin Sifaniyanci da ajami: ƙofar shiga, canjin jirgi, awa nawa zan jira.

"Ya Shafa'atu," in ji abokiyar aikinta, "kafil, ubangidan da ya kawo ki aiki, ya riƙe fasfonki shekara tara, wane jirgi zai kai ki wurin ɗanki da ke Sifen?"

Shafa'atu ta hango alhazan Sifen, ta gyara ɗankwali, ta tambayi wata hajiya da yarensu, a hankali, inda suke canza jirgi. Hajiyar ko ɗago kai ba ta yi ba, sai ta miƙo mata kofin da ta gama shan shayi da shi.

"Shukran," Shafa'atu ta ce, ta karɓa.