Ƙwaryar da Ta Iso Ba Ruwa

Ina kuɗin hanyarmu suka tsaya? Har yau ban samu mai gaya mini ba. Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, ina kuka, kada a ɓoye.

Muna yara a Zangon Kumasi, da an idar da sallar isha'i Kaka Adisa kan jawo kurfoti tsakar gida tana gasa mana agade. "Ku matso, ga tatsuniya nan tafe. Mai gyangyaɗi ba shi da rabo."

Wai wani gari ne rijiyoyinsa suka ƙafe, sarki ya aiko musu ƙwarya cike da ruwa. Kowane ɗan aike sai ya kurɓa kafin ya miƙa wa na gaba. Ƙwarya ta iso da makaɗa, ba ko ɗigo. Mutane suka tashi rawar godiya, sai wata tsohuwa ta karɓe ta, ta kife a kan ɗan aiken. Nan Kaka kan maƙale murya: "Yaro, ka jiƙe? To mu me za mu gode?" Mu yi ta dariya. Bayan aurena na ba mijina Malam Salifu, mai goro, wannan tatsuniya, ya yi dariya har da hawaye.

Sai da na tsufa na ga ƙwaryar da idona. Aka ce gwamnati ta ware kuɗin raya Zango, za a zuba mana kwalta. Aka raba wa mata atamfa iri ɗaya, aka yi rawa, manya suka soka shebur a ƙasa, aka ɗauki hoto. Unguwannin da aka yi wa hanya, shaguna suka tsiro. Mu kuwa ba mu ga kwalta ba, motocin goro suka daina shigowa, masu sayen kokona suka ragu, samari suka watse.

Ran da ciwo ya kayar da Malam, ana ruwa. Tasi ta ƙi shigowa. A benci aka ɗauke shi zuwa bakin titi. Bai kai asibiti ba.

Jiya asambuliman, wato kansilan unguwarmu, ya kawo mini sabuwar atamfa. "Maame, za a sake bikin hanya, ki ja mana mata. Masu zuwa rawa su za a fara ba rumfa a sabuwar kasuwa."

Na ce, "Ɗana, ɗauki kayanka. Ƙafata ba ta rawa a hanyar nan."

Rumfa ina so, Allah ya sani. Amma a kan bencin nan, taɓo har gwiwa, Malam ya riƙe hannuna ya ce:

"Ramatu, in sun sake kawo ƙwaryar, ki kife musu."