Allurar Zafi a Hanyar Issawane

Motar kawuna ce, tsohuwar bashe mai buɗaɗɗen baya, ni nake tuƙa ta daga Tasawa zuwa kasuwannin arewa. Shi kawu ɗan kasuwar hatsi ne, bai iya tuƙi ba kuma bai taɓa neman ya iya ba. Ya ba ni makulli don ni ɗan ƙanwarsa ne, ba na shan sigari, kuma na ɗan yi lakkol, wato boko, ina iya karanta takardun mota in jandarma ya tsayar da mu.

A gaban sitiyari akwai wani ɗan agogo mai allura ɗaya. Hagunsa shuɗi, damansa ja, tsakiya ɗan zane fari. Shi ke nuna zafin ruwan moter, wato injin mota. Makaniken da na koyi tuƙi a garajinsa ya yi mani bayaninsa sau ɗaya yana cin gyaɗa: da safe allura tana kwance a shuɗi, in an kama hanya ta hau farin zane ta zauna, in ta shiga ja ka kashe mota ko ina kake, in ba haka ba moter ya ƙone. Ban tambaye shi abin da ke tsakanin farin zanen da jan ba. Wurin bai fi faɗin farce ba, amma nan allurar motar kawu take zama duk rani.

Sannu a hankali na gane wasu abubuwa da kaina. In ta hau a cikin rairayi, ta sauko da mun fita kan tsandauri, wahala ce kawai ta yi wa moter yawa. In ta hau muna tsaye, ta sauko muna gudu, sai in duba igiyar fanka. In kuwa ta hau ta ƙi saukowa, to ruwa ne ya ragu. An kuma taɓa gaya mani cewa in ruwan ya ƙare ƙaf, allura tana iya faɗowa ƙasa kamar komai lafiya. Tun daga ranar, ko hawa ta yi gabana ya faɗi, ko sauka ta yi gabana ya faɗi.

Sauran direbobin tasharmu ba su damu da wannan ba. Da yawa allurarsu ta mutu tun tuni, wani ma ya manna hoton ɗan kokawa a kan tasa. Abin da suke yi shi ne su ɗaga murfin moter kaɗan, su sa dutse, su ɗaure da roba don iska ta shiga, in an tsaya sauke fasinja su kwara wa radiyater ruwa a fuska, su wuce. Ni ba na iyawa. Da na ga ta wuce farin zane sai in rage gudu, in ta ƙara sai in nemi inuwa in tsaya. A tasha suka fara cewa motata sallah take yi a hanya, har da nafila.

Maganar ta kai kunnen kawu, don ƴan kasuwa sun fara gudun motar. Wani maraice ya kira ni rumfarsa. Bai yi faɗa ba. Ya ce shi bai san allura ba, abin da ya sani mutane na shiga mota ne don su iske kasuwa tana ci. Ya ce ranar kasuwar Issawane mai zuwa in na kai su a makare, zai ba wani makullin, kuma kada uwata ta zo ta yi masa magana.

Ranar na fito da wuri. Na cika radiyater, na cika bido biyu da ruwan guzuri, na taɓa igiyar fanka, na koma na sake taɓa ta. Kusa da ni a gaba wani dillalin tumaki ne, babban mutum mai son magana, yana so ya iske makiyaya kafin a tsince manyan raguna. Gefensa wata tsohuwa ce mai sayar da kuka da daddawa, an ba ta gaba saboda gwiwa. Baya cike da buhuna da mutane a kansu.

Har Mayahi allura tana kan farin zane. Mun ɗauki wasu mata biyu, muka yi arewa. Daga nan gonaki suke raguwa, rairayi ya yi yawa, sai ƙaya da garken awaki. Rana ta ɗaga. A wani dogon rairayi allura ta bar zanen. Na ce wahala ce, za ta sauko. Muka fita kan tsandauri, ba ta sauko ba. Ta tsaya daidai tsakiyar wurin nan, ba fari ba ja. Can ta ƙara kaɗan, ko kuwa idona ne, har yau ban tabbata ba.

Dillalin ya ga na ɗage ƙafa. Ya leƙo ya dubi agogon.

"Ta taɓa ja?"

Na ce ba ta taɓa ba.

"To mi za ka tsaya yi, malam direba? Ka bari ta taɓa mana. Ai shi ya sa aka shafa jan."

Na ce masa in ta taɓa, wataƙila an riga an makara. Ya ce shi duk motocin da yake shiga ba mai allura, kuma ba wadda ta taɓa cin wuta da shi a ciki. Tsohuwar ta ce ya ƙyale yaro, kowa da abin da yake tsoro, ita ma ba ta hawa amalanke.

Na ci gaba kaɗan. Ina tuna abin da nake lissafawa a lokacin: in na tsaya, makulli ya tafi. In ban tsaya ba, moter ya ƙone, kawu ba shi da halin sayen wani, kuma ni ne na gani da idona na wuce. Na hango wata aduwa a gefen hanya, na karkata na shiga inuwarta, na kashe mota.

Ba wanda ya zage ni. Na baya suka sauko suna miƙa. Dillalin ya ce a zuba ruwa a tafi. Na ce ba a buɗe radiyater da zafi, ruwan yakan feso ya ƙona fuska, kuma ba a zuba wa moter mai zafi ruwan sanyi. Ya ce shi zai buɗe, fuskarsa ce. Ban ba shi tsumman da ake kama murfin da shi ba. Ya koma gindin aduwa ya zauna, yana gaya wa mutane raguna nawa ake sayewa yanzu haka yana nan zaune.

Mun daɗe a nan kafin moter ya huce, sannan na buɗe radiyater. Ruwa ya ragu, amma ba sosai ba. A ƙasan radiyater akwai wani ɗan wuri da ke tsatsafowa, ɗigo-ɗigo, bai ko jiƙa ƙasa ba. Irin wannan ɗigon, mota tana iya yin wata da shi, wurin kuma yana iya buɗewa a rana ɗaya. Tsohuwar ta sauko da ƙyar ta zo ta duba. Ta kwance bakin buhunta ta ɗibo kuka a tafin hannu. Direbobinmu suna zuba ta a radiyater, garin yakan bi ruwa ya je ya toshe ƙaramar kafa.

"Ungo, ɗana. Miyar mota ban taɓa kaɗawa ba, sai ka ɗanɗana ka gaya mani ko gishiri ya ji."

Aka yi dariya, har dillalin. Na zuba, na cika ruwa, na tada mota na jira. Ɗigon ya tsaya. Allura ta koma farin zane, ba ta sake motsi ba har Issawane.

Mun iske kasuwa ta fara watsewa. Makiyaya na kora abin da ya rage, masu rumfuna na naɗe tabarmi. Dillalin ya sauka ya zagaya wajen dabbobi, ya dawo da tunkiya ɗaya ramammiya. Tsohuwar ta baza kayanta a rana, don an cinye inuwa.

Washegari na wanke motar, na kai ta ƙofar rumfar kawu. Labari ya riga ni isa. Na yi masa bayanin radiyater, na ce a kai a yi masa walda kafin kukar ta saki, kuma a gaya wa wanda zai karɓa ya riƙa duba ruwa kowace safiya. Ya saurara har na gama. Ya tambaya ko allurar ta taɓa ja, na ce ba ta taɓa ba. Ya ce to, Allah ya yi mani albarka, ya san ban yi don mugunta ba. Ya miƙo hannu, na zare makullin gidana daga zoben, na ba shi sauran.