Takalman Baba a Waya

Babanmu baduku ne. Daga Kano ya zo Enugu tun kafin a haife mu, ya kama rumfa a gefen Kasuwar Artisan yana ɗinka takalman fata. Gidanmu na Obiagu kullum warin fata da gam yake yi, har kayan makarantarmu.

Yayana ne ya fara sa takalman a waya, a shafin da ya buɗe, lokacin da ciniki ya ja baya har Baba kan wuni bai yi ciniki ko ɗaya ba. Ya shimfiɗa farin zanen Umma a tsakar gida, ya sa na zura ƙafa a takalmi, ya ɗauki hoto. Ba a daɗe ba wata mata daga Fatakwal ta saya, ƙawayenta suka biyo baya. Yaya ya riƙa ɗaukar bidiyon hannun Baba yana ɗinki, mutane suka yi ta yaɗawa. Shekarar nan mun ci nama, Baba har waƙa yake yi a bakin aiki.

Sai masu saye suka fi ƙarfin hannun mutum ɗaya. Baba ya ce gam sai ya sha iska, ba a yi masa gaggawa. Masu jira kuwa suka fara zagin Yaya da Turancin buroka. Wata rana ya tafi Onitsha ya dawo da buhunan takalman kamfani masu kama da namu. Baba ya ɗauki ɗaya, ya lanƙwasa, ya shinshina.

"Wannan ai roba ce aka shafa wa fenti."

"Baba, a hoto ba a jin wari," in ji Yaya, kansa a ƙasa.

Abu ɗaya Baba ya roƙa, a cire hannunsa daga shafin. Aka cire.

Yaya ya koma Onitsha, ya kama sito, ya ɗauki ma'aikata. Takalman Baba sun yi tsada, a hankali ya daina karɓa. Tsofaffin abokan cinikin Baba suka riƙa zuwa rumfa suna nuna masa waya, wai ga irin nasa nan da araha. Wasunsu ba su ma san cewa shafin ɗansa ne ba. Daga baya Baba ya saki rumfar, wata 'yar kudancin Kaduna ta kama tana sayar da cajar waya.

Yanzu Yaya yana aiko da shinkafa da mai, Baba ya sa masa albarka ya ci. Shi ma Yayan ya rame. Manyan 'yan kasuwar Legas sun kwashe hotunansa suna sayarwa ƙasa da kuɗinsa, ya sallami rabin ma'aikatansa. Na zaga unguwa ina tambaya ko akwai mai son koyon dukanci a wurin Baba kyauta. Kowa ya ce zai yi shawara, har yau ban ga kowa ba.