Tsumman da Na Cusa wa Motar Alhaji

Sayen motar nan ya ba ni wuya. Ba wuyar kuɗi nake nufi ba. Kuɗin na same su, ba su ma kai abin da na shirya ba. Wata wuya ce daban, kuma ni na jawo wa kaina.

Shekara goma sha tara na yi ina tuƙi a wani kamfanin fatauci a nan Gaya. Shinkafa, albasa, man girki, duk abin da kasuwa ta kawo. Manyan kamyo, motocin dakon kaya, suna da nasu direbobin. Ni ƙaramar mota ce a hannuna, fara, mai buɗaɗɗen baya, da sunan kamfani a jikin ƙofa. Da ita nake kai mai kamfanin, wani dattijo Alhaji, duk inda za shi: bakin gadar iyaka, wajen ƴan duwan masu karɓar kuɗin fito, ƙauyukan Bana da Yelu lokacin sayen hatsi. Shekara goma sha ɗaya tana hannuna. Na san kukanta da safe, na san kukanta in ta sha rana. Ban taɓa barin mai ya tsufa a cikinta ba.

Da gwiwoyin Alhaji suka fara ƙin ɗaukarsa, babban ɗansa ya dawo daga Yamai ya karɓi biro, wato ofishin kamfani. Yaron ba shi da laifi, yana gaishe ni yana ce mini Baba. Amma ya zo da tsarinsa. Ya ce za a sayar da tsofaffin motoci, kuma sabuwar da za ta zo tana son direba mai iya cika takardu da Faransanci. Ni aji uku na yi a lakwal, makarantar boko. Ba sai an yi mini bayani ba. Aikina zai ƙare da ƙarewar damina, ga iyali tara a gida, ga bayana da ba ya ɗaukar noma. Abin da na hango shi ne motar. In ta zama tawa, zan riƙa ɗaukar kaya ranakun kasuwa, mu ci.

An ce ma'aikaci ne ke da haƙƙin fara tayawa, kuma Alhaji da kansa zai yanke kuɗi gwargwadon lafiyar mota. To motata lafiyarta ƙalau. Nan matsalar take.

Akwai makanikin da ke duba mana motoci, mutumin Dendi, tun muna samari muke tare. Na je garejinsa na faɗa masa damuwata. Yana kwance ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai nake gani.

Ya ce, “Tsoho, ka tsufa ba ka yi wayo ba. Ka taɓa ganin mai sayen rago yana yabon kitsensa?”

Na ce, “To ya zan yi, tana da kitsen.”

Ya ce, “Sai a rage mata. Kowane direba haka yake yi in kamfani zai sayar. Kawo ta gobe, ka tafi shan shayi, kada ka ga komai.”

Ban tafi shan shayi ba. Ina tsaye aka yi, har da hannuna. Muka cire tayoyinta masu kyau muka sa waɗanda suka suɗe. Muka sauya batir da wani mai rabin rai. Sannan ya buɗe inda inji ke shaƙar iska, ya ce in kawo tsumma. Na cusa da kaina. Tayoyin da batir na kai su gida na jingine a ɗakina. Matata ta tambaya na wane ne, na ce ajiya ce. Ba ta ƙara tambaya ba. Amma in tana shara sai ta zagaye su, ko tsintsiya ba ta bari ta taɓa.

Sati uku na yi ina tuƙa ta haka. Hayaƙi baƙi ƙirin a baya, in mun zo hawa sai ta riƙa nishi kamar mai ciwon ƙirji. Alhaji yana gefena, yakan dafa gaban motar ya ce, “Mun tsufa tare ni da ke.” Ni kuma in ce, “Ai ƙarfe ma yana gajiya, Alhaji.”

Wata rana da azahar ta mutu mana a bakin gada, cikin layin kamyo. Na murɗa makulli, shiru. Na kira ƴan dako su tura. Sai na ga Alhaji yana buɗe ƙofa. Na ce ya zauna, ya ce a'a, bari ya rage wa bayin Allah nauyi. Ya sauko da ƙyar, ya dogara sandarsa, ya tsaya cikin rana a kan gwiwoyin nan har ta tashi. Na gan shi ta madubi.

Ranar da ya kira ni, yana zaune a rumfar ƙofar sito, inda ya saba zama. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, “Yaron nan ya ce kana son motar.”

Na ce, “Haka ne, Alhaji.”

Ya ce, “Ba zan sayar maka ba.”

Na ɗago kai.

Ya ce, “Shekara goma sha tara ba ka taɓa kawo mini takardar mai ta ƙarya ba. Yau in ɗauki gawa in ɗora maka, in karɓi guminka? Me zan ce wa Allah? Jibi masu farfasa motoci za su zo daga ƙetare su kwashe ta. Kai kuma zan sallame ka da abin da ya sawwaƙa, ka nemi wata sana'ar.”

Na yi godiya. Me zan yi in ba godiya ba.

Na koma gareji. Makanikin ya fara dariya, da ya ga fuskata ya bari. Ya ce abin mai sauƙi ne, in ce ya sake dubawa ya gano ƙaramar matsala ce, ya gyara ta kyauta saboda zumunci. Ya ce Alhaji zai yarda, tunda ni ne. Gaskiyarsa, zai yarda. Abin da ya hana ni cin tuwo kwana biyu ke nan. Da mutum ne mai zargi, da na yi masa ƙarya ta biyu ban ji komai ba.

Masu farfasawa suka zo su biyu da hantsi. Suka zagaya ta, ɗaya yana bugun ƙofa da ƙafa, ɗaya ya buɗe gaba yana nuna abin da zai sayu da wanda ba zai sayu ba, kamar mahauci a kan saniya. Suka taya ta kuɗin ƙarfe. Ina tsaye da ƙaryar makaniki a bakina, na shirya ta tsaf. Alhaji ya waiwayo, ya kira ni da sunan aikina, ya ce, “Shofer, in akwai kayanka a ciki ka kwashe. Ka yi haƙuri, na san ka saba da ita.”

Sai na ce akwai. Na roƙi mutanen su ɗan matsa. Na buɗe wurin iskar, na zaro tsumman, ya yi baƙi ya cure. Na ajiye shi a ƙasa gaban Alhaji. Na ce, “Ba ta da ciwon komai. Ni na sa mata wannan. Tayoyinta da batir suna ɗakina.” Ban kira sunan makaniki ba, ba shi ya ci gishirin gidan ba.

Alhaji ya kalli tsumman. Ƙudaje suna ta yawo a kan buhunan albasa. Can ya ce, “Ranar da na sauka a bakin gada?”

Na ce, “Yana ciki, Alhaji.”

Ya gyaɗa kai. Bai zage ni ba. Na so ya zage ni. Ya sa aka ba masu farfasawa kuɗin hanya, ya ba su haƙuri suka tafi. Ya kira ɗansa ya ce a rubuta takarda, an sayar mini a kan abin da mutanen nan suka taya. Yaron ya buɗe baki zai yi magana, uban ya ɗaga masa hannu. Ni ma na ce, “Alhaji, a yanke mata kuɗin mai lafiya, zan biya.”

Ya ce, “A'a. Wannan kuɗin ka yi wa aiki sati uku. Shi za ka biya.”

Na dangwala yatsa a takarda. Aka miƙo mini takardun motar da makulli na biyu, wanda ke zama a aljihunsa tun ranar da aka sayo ta. Ya ce Allah ya sa albarka, yana kallon sandarsa. Sannan ya ce, “Ka goge sunana daga ƙofar kafin ka hau hanya.”

Motar tana ciyar da mu har yau, ban raina ba. Mutane suna ce mini na yi sa'ar ciniki, ina amsawa da alhamdu lillahi. Alhaji yana amsa gaisuwata kamar yadda yake amsa ta kowa. Bai sake shiga motar ba, ko sau ɗaya.

Ranar da aka yi cinikin a gareji na bar ta, na taka zuwa gida. Washegari bayan sallar asuba na gangaro da tayoyin ɗaya bayan ɗaya, na ɗaura su da kaina, na mayar da batir. Murɗawa ɗaya ta tashi. Na kashe ta. Na ari wuƙa da takardar gogewa, na tsuguna a jikin ƙofa na fara kankare sunan. Fentin mai kyau ne, ya kama sosai. Rana ta yi sama kafin in gama ƙofa ɗaya, sannan na zagaya ɗaya gefen.